Kwalekwalen Deolinda

Shekara goma sha ɗaya Deolinda ta yi tana roƙon mijinta abu ɗaya, shi kuma Tiberio ya yi shekara goma sha ɗaya yana cewa to. So take ya kai ta inda teku ya riƙe ɗansu Silvino, ta ga wurin da idonta. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba. Takan bari sai ya ci ya ƙoshi yana sakace, sannan ta ce, "Baban Silvino, yaushe?" Shi kuwa bai taɓa rasa amsa ba. Bari damina ta wuce, bari a toshe kwalekwale, bari ruwa ya kwanta. A ƙauyenmu Praia Mansa kuwa in damina ta wuce wata ce ke biye da ita, don haka uzuri bai taɓa yanke masa ba.

Gaskiyar maganar ita ce alama. Kowane masunci a wajenmu yana da wurinsa a cikin teku, wani dutse can ƙarƙashin ruwa inda kifi ke taruwa, kuma da tudu ake gane shi. Mutum zai yi ta tuƙi har ya ga abu kaza a tsibiri ya hau saitin abu kaza, ya waiwaya ya ga wani ma ya hau saitin wani. Inda layukan biyu suka haɗu, nan zai jefa dutsen da ke ɗaure da igiya ya tsayar da kwalekwalensa. Uba ke raɗa wa ɗa, shi ma sai ya ga ɗan ya yi hankali. Ana aron taru, ana aron fetur, ana aron gatari a manta ba a mayar ba, amma ba a tambayar mutum alamarsa. Wanda kuwa ya faɗi tasa da bakinsa, ya zama abin dariyar gaɓa har ya mutu.

Ta Tiberio daga kakansa ta fito. Layin farko, farar fuskar coci ta leƙo daga bayan hancin dutsen da ya shiga teku ta kudu. Na biyu, wani dogon rimi da ke kan tudun tsohuwar gonar koko, wanda ya ɗara duk itatuwan dajin, ya shiga daidai cikin giɓin da ke kan tsauni. Biyu aka ba shi, biyu ya riƙe. Bai taɓa tunanin ƙara ta uku ba, don rimin ya girmi kakan nasa, kuma mutum ba ya tsammanin abin da ya tarar a tsaye zai riga shi faɗuwa.

A wurin nan Silvino ya tafi, yana da shekara ashirin da uku. Igiyar dutsen ce ta maƙale a ƙasa, Tiberio ya zaro wuƙa, Silvino ya ce, "Baba kada ka yanke, sabuwa ce." Ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Tiberio ya zauna riƙe da igiyar har rana ta yi ja. Kashegari aka tashi da hadari na kwana uku, bayansa kuwa babu sauran abin nema. Aka yi addu'a a coci babu gawa, aka watse.

Tun daga nan Tiberio yake zuwa wurin kusan kullum, yana su yana yi wa ɗansa hira. Amma Deolinda 'yar masunta ce, jikar masunta, ga ƙanenta Olegario masunci kuma masassaƙin kwalekwale. Tiberio ya san in ta zauna a wurin ta waiwayi tudu sau ɗaya, ta ɗauke alamar. Da farko don kifin yake ɓoyewa, abin kunya ne amma haka ne. Daga baya abin ya zama wani iri. Shi kaɗai ya san inda yaron yake, kuma ba ya son raba shi da kowa, ko da uwar da ta haife shi. Wannan rowa ce, shi ma ya san rowa ce.

Sai Deolinda ta fara ramewa. Matar da ke ɗaukar daron kifi ta hau tudu ba ta huta ba, ta koma sai ta dafa bango. Wata rana tana ferar kifi wuƙa ta suɓuce mata, ta tsaya tana kallonta a ƙasa ta kasa sunkuyawa. Tiberio ya ɗauko ya miƙa mata. Ba ta ma tambaya ba, shi ya ce, "Da mun dawo daga asibiti zan kai ki."

Ta dube shi da kyau ta ce, "A cikin me? Kwalekwalenka ba ya ɗaukar mutum a kwance, ni kuwa yanzu ba zan iya zaman awa biyu ba."

"Za a san yadda za a yi."

Da yamma Olegario ya zo gaishe ta, ta ba shi labari tana murna. Tiberio yana jin su daga waje inda yake gyaran fatsa, bai kawo komai a ransa ba.

Kwana shida suka yi a asibitin birnin Santo António. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ba su ƙwayoyi, ya ja Tiberio gefe ya ce ya mayar da ita gida ta ci duk abin da ranta ke so. Tiberio bai yi boko ba, amma ya gane wannan.

Da suka iso gida, 'yarsu Nazare ta tare su ta kama uwar ta kwantar. Tiberio ya tambaye ta me ya sa gaɓa ta yi shiru, kwalekwale duk a kife a kan rairayi da rana tsaka.

Nazare ta ce, "Ai duk suna tudu wajen Kawu. Ya ce kada a faɗa muku sai kun gani."

Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon tudun kafin ya gane abin da idonsa ke nema. Dajin ya yi bai ɗaya, kore shimfiɗe, babu abin da ya ɗara wani.

Bai san yadda ya hau ba. Tun daga nesa yake jin sarar gizago da waƙar maza. Ya fito fili ya tarar da rana tana dukan wurin da bai taɓa ganin rana ba, ga rassa zube, ga kututturen da mutum shida ba za su zagaye da hannu ba. Gungumen yana kwance, an riga an fafe cikinsa har gwiwa. Olegario ya ɗago daga ciki, farin gari a gashinsa da girarsa, yana washe baki.

"Mijin Yaya, kun dawo? Zo ka ga abin da ƙanen matarka marar amfani ya yi."

Tiberio ya ce, "Wane itace ne wannan?" Ya sani, bakinsa ne ya nemi abin faɗa.

"Kai ma dai. Rimin tudu mana. Shekara talatin ina zagaya shi ina cewa shi ne kwalekwalena na ƙarshe. Sai na ce ni me zan yi da shi? Yayata ba za ta je ganin ɗanta a cikin wannan akushin naka ba, ƙafa a waje kai a waje."

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce akushin ma yoyo yake yi, wani ya ce shi ya sa kifin Tiberio ke isowa da rai. Aka miƙa masa ƙoƙon bammi. Ya riƙe, ya dafa kututturen da ɗaya hannun, har yanzu da danshi.

Ya ce, "Sannunku da aiki."

Kashegari tun da asuba ya tura ƙaramin kwalekwalensa. Coci ta leƙo daga bayan hancin dutse yadda ta saba. Ya hau layin ya yi ta tuƙi yana waiwayen tsauni. Giɓin yana nan, amma babu abin da zai shiga cikinsa. Layi ɗaya kuwa ba wuri ba ne, hanya ce kawai da ta miƙe har inda ido ya ƙare, kuma dutsen da yake nema bai fi tsakar gida faɗi ba. Ya shafa sabulu a gindin dalma ya zura ta ƙasa da zare don ya gane abin da ke ƙasan ruwan, ya jawo, sabulun ya fito da rairayi. Ya matsa gaba ya sake zurawa, rairayi. Shekara arba'in yana zuwa wurin nan, ya ɗauka ko ido rufe zai same shi. Ashe ba shi ya san wurin ba, rimin ne ya sani.

Kwana tara yana haka. Ran na goma ya yi dabara. Ya hau tudu da duku-duku ya tara ɗanyen ganye a kan kututturen ya cinna wuta don hayaƙin ya tsaya masa a madadin rimin, ya gangaro da gudu irin na mai shekara sittin da uku, ya shiga ruwa. Kafin ya kai can cikin teku iska ta kwantar da hayaƙin, ya gauraya da gajimaren da kullum ke zaune a kan tsaunin. Kuma ko da ya tsaya, kuskuren yatsa ɗaya a tudu tafiya ce mai nisa a teku. Ya ajiye filafili a cinya ya zauna. Ya kira sunan Silvino sau biyu, a hankali, don kunyar kansa yake ji ko da babu kowa.

Matan gaɓa masu sayen kifi suka fara yi masa tsiya. "Baba Tiberio, yau ma wanka ka kai kwalekwale?" Yakan yi murmushi ya wuce.

A lokacin an riga an jawo gungumen zuwa gaɓa da igiyoyi, gari guda ya fito ja. Wata yamma Tiberio ya yanke shawara zai faɗa wa Olegario, ko ba komai su zama su biyu. Ya tarar da shi shi kaɗai yana goge bakin kwalekwalen, tafin hannunsa duk ya fashe an ɗaure da tsumma.

Tiberio ya ce, "Olegario, akwai magana."

"Ni ma akwai. Zauna." Olegario ya ajiye abin gugar, bai dube shi ba. "Ka san ni na koya wa Silvino nutso? Yana ɗan shekara bakwai, a bayan dutsen can. Yaya ta hana, na ce mata ɗan masunci ne. Ni na koya masa riƙe numfashi, har ina yi masa kirari in ya daɗe." Ya share hanci da bayan hannu. "Tun ranar nan ban ƙara iya kallon Yaya ido cikin ido ba. Ina zuwa gidanku, ina zolayarka, ina cin abincinku, amma ban iya ba. Wannan itacen shi ne abu na farko da na iya yi mata. Jiya na yi barci har gari ya waye, rabona da haka na manta." Sannan ya ce, "Mece ce taka maganar?"

Tiberio ya dubi hannayen nan masu tsumma. Ya ce, "Cewa zan yi a ƙara faɗin wurin da za ta kwanta."

"Shi ke nan? Ka ɗaure fuska kamar Fadan coci ranar Juma'a Mai Kyau. Ɗauki gizago ka nuna mini."

Haka Tiberio ya ɗauki gizago ya sassaƙi rimin kakansa da hannunsa, har duhu ya fara.

Ita ma Deolinda ya gwada. Ya shiga ɗaki da hantsi ya tarar ta sa an juya mata gado tana fuskantar ƙofa. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kana ji?" Sarar gizago ce daga gaɓa. "Wannan ƙarar ce ke riƙe da ni. Kullum ina ce wa jikin nan, yi haƙuri, sun kusa." Ya gyara mata matashi ya fita.

Ranar Asabar aka gama. An shafa masa shuɗin fenti, Olegario ya rubuta sunanta a gefe da manyan baƙaƙe, na ƙarshen ya ɗan karkace don wuri ya ƙare masa. Fada ya yayyafa ruwa, tsofaffi suka zuba bammi a goshin kwalekwalen bayan Fada ya juya baya. Olegario ya ciro injinsa ya ɗaura. Aka shimfiɗa tabarma da katifa, maza huɗu suka ɗauko Deolinda a kan zane, ba ta fi nauyin taru busasshe ba. Ta sa rigar da take zuwa coci da ita, tana rungume da kwano a rufe. Dafaffiyar ayaba ce da miyar busasshen kifi da manja, ita ta zauna a kujera ta nuna wa Nazare yadda Silvino ke so, barkono ya ji.

Olegario ya sa ƙafa ɗaya a ciki ya ce, "Ni zan riƙe inji."

Tiberio ya ce, "A'a. Mu biyu za mu."

Gaɓa ta ɗauki dariya. Olegario ya janye ƙafarsa yana girgiza kai. "Kun ji tsohon nan ko? Na ba shi itace, na ba shi inji, na ba shi yayata, amma alamarsa ko ƙamshinta." Tiberio ya bar su suna dariya. Da ma a ce abin da suke zato ne.

Ruwa ya kwanta ranar, kamar ya san da zuwanta. Kwalekwalen ya tafi sumul, ko girgiza babu, don Olegario ya iya aikinsa. Deolinda tana jingine a ƙarƙashin laima tana kallon yadda ruwan ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi mai duhu. Rabonta da fita cikin teku haka tun tana yarinya, a kwalekwalen ubanta. Wasu kifaye masu fiffike suka tashi a gabansu, ta bi su da ido har suka faɗa.

Coci ta leƙo. Tiberio ya hau layin. Yana tafe yana roƙon Allah a zuci, ya nuna masa wani abu, ko tsuntsaye, ko canjin ruwa, ko me. Ya rage gudu, ya ƙara, ya sake ragewa. Rana ta ɗaga. Ya ga leɓɓanta sun bushe, numfashinta ya fara gajarta.

Ta ce, "Da saura?"

"Kaɗan."

Suka ƙara tafiya. Ta rufe ido, ya ɗauka ta yi barci, sai ta ce, "Baban Silvino, in da nisa ka faɗa mini, in san yadda zan raba ƙarfina."

Ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai ruwa na lasar gefen katako. Ya ɗaga dutsen ya jefa, igiya ta yi ta zarewa ta cikin tafinsa har ta tsaya. A hannunsa ya ji saukarta, laushi, babu ƙwanƙwasar dutse.

Ta buɗe ido ta ce, "Nan ne?"

Maganar ta zo masa har baki, duka, daga rimin har hayaƙin. Ya dubi kwanon da take rungume da shi, da yatsunta da suka zama kamar tsinke a kan murfin.

Ya ce, "Nan ne."

Ta ce ya matsar da ita. Ya tallafe ta har ta jingina da gefe, ta zura hannu cikin ruwa har wuyan hannu.

Sannan ta ce, "Silvino, ni ce. Na makara, kada ka ga laifin babanka, hanya ce da nisa. Ashe wurinka da kyau haka. Ni ina ta tunanin duhu." Ta huta. "Nazare ta haihu biyu, na farin sunanka. Ba ya jin magana, kamar kai. Kawunka ne ya yi mini wannan jirgin, ka ga faɗinsa. Ga abinci na kawo, ba ni na dafa ba, amma ni na tsaya a kai."

Ta buɗe kwanon tana ɗiba da hannu tana sakawa a ruwa kaɗan-kaɗan. Manja ya bazu a sama ja-ja, ƙananan kifaye suka taso. Ta yi kuka marar sauti, shi ma ya yi, amma ba kuka ɗaya suke yi ba. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ga matarsa a jikinsa.

Da kwanon ya ƙare ta ɗauraye shi, ta ce, "Juya ni in ga tudu."

Ya juya ta. Ta kare ido da hannu, ta ƙanƙance su yadda ubanta ke yi.

"Coci ta leƙo bayan hancin dutse. Wannan ɗaya." Ta bi tsibirin da ido a hankali, ta wuce tudun gonar koko, ta wuce giɓin tsauni ba ta tsaya ba. "Ɗayar kuma, jan rufin tsohon rumbun koko, daidai ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga tsauni. Ko ba haka ba?"

Ya duba. Rufin yana daidai ƙarƙashin farin zaren ruwan, kyakkyawar alama, wadda kowane masunci zai yi alfahari da ita.

Ya ce, "Haka ne."

Ta yi 'yar dariya har tari ya kama ta. "Ashe abin da ka ɓoye mini ke nan shekara da shekaru. Abu a fili." Ta dafa gwiwarsa. "Kwantar da hankalinka, masunta ba za su ji daga bakina ba. Nazare kaɗai zan faɗa wa. In ba ni, ba kai, kada yaron nan ya zauna babu mai zuwa wajensa."

Ya jawo igiyar. Dutsen ya fito da farin rairayi a jikinsa, ya ɗauraye shi a ruwa kafin ya shigo da shi.

Kwana tara bayan nan Deolinda ta rasu, da hantsi, hankalinta kwance. Ta faɗa wa Nazare alamar sau uku, ta sa ta maimaita. Olegario ya ɗauki gaban akwatin gawar, kuma kowa ya ga yadda ya tsaya ya dubi fuskar yayarsa da kyau kafin a rufe.

Yanzu kowace shekara Nazare takan dafa ayaba da miyar busasshen kifi, ta ɗebi 'ya'yanta su shiga shuɗin kwalekwalen. Tiberio ne ke kai su. Ita ke zama a gaba tana duban tudu, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Da jan rufi ya shiga ƙarƙashin ruwan tsauni sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, nan." Sai ya kashe inji ya jefa dutse, ya zauna riƙe da igiyar yana jin jikokinsa suna gaida kawunsu.